Zan haɗa kwamfutar gem ta farko, ku duba mini jerin kayan nan kafin in ɓarar da kuɗina

Auta:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina laɓe ina karanta hirarku, yau ne dai na farko da zan yi magana. Wata bakwai ke nan ina tara kuɗi, yanzu na ga sun kai in haɗa kwamfutar gem. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuskure ɗaya zai iya mayar da ni farkon layi. Ga abin da na tsara: firosesa Ryzen 7 5800X, katin hoto RX 6500 XT, madabod (allon da ake jona duk sauran kayan a kai) B450, RAM giga 16 sanda ɗaya, hadis (faifan ajiyar bayanai) mai tera ɗaya, kula (na'urar sanyaya firosesa) ta ruwa mai fitilu, sai kes mai gilashi gaba da gefe, wanda ya zo da akwatin wutarsa a ciki. Allo kuwa talabijin ɗin ɗakina zan jona. Counter-Strike 2 da Fortnite da ƙwallo nake bugawa, amma raina yana biya mini Cyberpunk 2077. Yaya kuka gani?

Sarkin Fanka:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsaya tukuna, ka riga ka biya kuɗin wani abu a ciki?

Auta:
A'a Yaya, ko sukuru ban saya ba.

Sarkin Fanka:
To Allah ya taimake ka.

Malam Injiniya:
Auta, ka ɗauko injin tirela ka ɗora a kan tayar keke. A gem, katin hoto ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, shi ke zana duk abin da idonka yake gani. Kai kuma ka zuba kuɗin a firosesa mai ƙwayoyin aiki takwas, wanda ba ya ma zuwa da kula a kwalinsa, sannan ka ɗauko ɗaya daga cikin katuna mafi rauni a danginsa.

Bari in faɗa maka matsalar 6500 XT, don kada ka ce ƙiyayya ce. Ma'ajiyarsa giga 4 ce kacal. Sannan layi huɗu kawai yake amfani da su wajen magana da madabod, alhali ramin da ake soka shi layi 16 gare shi. A kan PCIe 4.0, wato tsarin waɗannan layukan mai sauri, wannan ƙuncin yana ɗan ɓoyuwa. Amma B450 da ka zaɓa PCIe 3.0 ne, wato hanyar da dama ƙarama ce za ta sake raguwa da rabi. Da zarar gem ya cika gigar nan huɗu, sai katin ya fara aron RAM ta wannan siririyar hanya, nan ne za ka ga hoto yana tsayawa yana fizga. Ƙari a kan haka ba shi da sashen da ke naɗe bidiyo, in ka so ɗaukar wasanka ko watsa shi kai tsaye, firosesa ne zai ɗauki wahalar.

Ni da zan riƙe kuɗinka: sauko da firosesa zuwa Ryzen 5 5600. Ƙwayoyi shida, wat 65, kuma da kularsa a kwali. Ka soke kular ruwan gaba ɗaya. Abin da ya yi rara ka haɗa ka hau zuwa RX 6600 mai giga 8. A 1080p, wato matakin tsabtar hoto na Full HD, wannan haɗin zai ba wancan naka rata mai nisa, ba kusa ba.

Auta:
Malam na gode. Amma ni na ɗauka 7 ya fi 5 ne. Kuma na ga akwai 5500 da 5600G da suka fi sauƙi, ba duk ɗaya ba ne?

Malam Injiniya:
Ya fi shi, in aikin haɗa bidiyo kake yi. A gem da irin katin da za ka iya saya, da ƙyar ka ga bambanci. Su kuma waɗancan biyun, sunan ne ya yi kama. 5600 yana da megabait 32 na ma'ajiyar nan ta kusa da ake kira L3, su kuwa 16 gare su, kuma a PCIe 3.0 suka tsaya. Gem irin Counter-Strike yana matuƙar son wannan ma'ajiyar. Shi 5600G amfaninsa ɗaya, yana da ɗan sashen hoto a cikinsa, zai kunna maka allo ko babu kati. Tunda kai za ka sayi kati, ka biya abin da ba za ka mora ba ke nan.

Na Zamani:
Da girmamawa Malam, amma ban yarda a tura yaro AM4, wato soket ɗin madabod da 5600 ke zama a kai, a yanzu ba. Soket ɗin nan tun 2016 yake. AM5 ya fito a 2022, kuma AMD sun ce za su ci gaba da yi masa firosesa har 2027 ko fiye. Ya sayi Ryzen 5 7600 da sabon nau'in RAM na DDR5, bayan shekara uku ya cire firosesa kawai ya sa sabo. A AM4 fa? Ya shiga lungun da ba ya ɓullewa.

Malam Injiniya:
Maganarka gaskiya ce, ga mai kuɗi. Amma lissafa mini: madabod ɗin AM5 ya fi tsada, DDR5 ya fi tsada, firosesan ya fi tsada. Daga ina bambancin zai fito? Daga katin hoto. Sai ya zauna shekara uku yana buga gem da kati mai rauni, yana jiran wani canji da wataƙila ba zai taɓa yi ba.

Na Zamani:
Wataƙila kuma ya yi.

Malam Injiniya:
Kai firosesa nawa ka taɓa canzawa ba tare da ka canza madabod ba?

Na Zamani:
Ɗaya. Kuma a AM4 ne, na sani, kada ka yi mini dariya.

Ɗan Shuɗi:
Ku duk kun manta da Intel kamar ba ya duniya. Core i5-12400F ma ƙwayoyi shida ne, kuma a gem kafaɗa da kafaɗa suke da 5600. Wanda ya fi araha ranar da ka je saye, shi za ka ɗauka. Abu ɗaya dai, madabod ɗinsa, mai soket LGA1700, iri biyu ne, akwai na DDR4 akwai na DDR5, kuma sandar RAM ta wannan ba ta shiga ramin wancan. Ka karanta kwali da kyau. Harafin F ɗin nan kuma yana nufin babu sashen hoto a ciki, kamar dai 5600.

Baba Mai Soda:
Ku bar gardamar firosesa, duk ba ita ce za ta kashe shi ba. Ni layin ƙarshe na jerin nan ne ya tayar mini da hankali. Kes mai zuwa da akwatin wuta a ciki.

Ɗana, ni na taɓa yin wannan gangancin, da girmana. Na haɗa wa yarona kwamfuta, kuɗi suka ƙare a kan kati, na ce ai wuta wuta ce. An rubuta 600W da manyan baƙaƙe a jikin akwatin. Sati uku lafiya lau. Wani dare yana cikin wasa sai muka ji tas, kamar an taka busasshen kara, allo ya ɗauke, ɗaki ya gume da ƙaurin roba. Da na kwance na ɗaga akwatin a hannu, wallahi kamar gwangwanin da babu komai a ciki. Sai a lokacin na karanta ƙananan rubutun da ke gefe: layin bolt 12 amfiya 18 kawai yake bayarwa. Ka ninka 12 sau 18, wat 216 ke nan. Sauran lambar duk an tattaro ta ne daga layukan bolt 5 da 3.3, waɗanda kati da firosesa ba su dogara da su ba. Bai mutu shi kaɗai ba, ya tafi da madabod da hadis. Katin ne kawai Allah ya tsare.

Saboda haka ka sayi kes daban, akwatin wuta daban. Wat 550 na gaske ya ishe ka har da rara, RX 6600 wat 132 yake ci, waya ɗaya mai fil takwas yake buƙata. Ka juya akwatin ka duba layin bolt 12, ya kamata ya kusa kai jimillar da aka rubuta a gaba. Ka duba shekarun garanti, kamfanin da ya ba ka shekara biyar ya yarda da kayansa.

Sarkin Fanka:
Shi ya sa wasu ke ce masa fawa, Baba. Yanka yake yi.

Auta:
Baba na ji tsoro. In na ga tambarin 80 Plus Bronze shi ke nan na tsira?

Baba Mai Soda:
A'a. Wannan tambarin ba ya auna inganci, yana auna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ne, kusan kashi 85 cikin 100 idan yana aiki a rabin ƙarfinsa. Alama ce mai kyau, amma ba shaida ba ce. Ka nemi wanda masu gwaji suka buɗe cikinsa suka auna, wanda ke da kariyar da za ta kashe shi da kansa in wuta ta yi yawa. Kuma in ka sayi mai wayoyin cirewa, kada ka kuskura ka jona masa wayar wani akwatin ko da bakin ya shiga daidai. Tsarin fil ɗin ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani.

Mai Rangwame:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da yaron nan da sabon kaya. Katin hannu shi ne gatan talaka. Da kuɗin sabon 6600 zai iya samun RTX 3060 mai giga 12 na hannu, ko ma 6700 XT in ya yi sa'a.

Uwar Ɗaki:
Ko kuma ya samu wanda ya shekara biyu yana haƙar kirifto ba dare ba rana.

Mai Rangwame:
Anti, katin da ya yi haƙa ba lallai ya lalace ba. Da yawansu an rage musu wuta ne suna aiki a zafi ɗaya, abin da ke gajiya fanka ne da man sanyaya. Ni biyu na saya, har yau suna aiki.

Uwar Ɗaki:
Kai ka san abin da za ka duba. Shi fa ko sukuru bai taɓa ɗaurawa ba.

Mai Rangwame:
To sai a koya masa. Auta, in za ka sayi na hannu, kada ka biya sai an jona a gabanka. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan da adadin ma'ajiyar sun dace da abin da aka ce maka. Ka saki manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na minti ashirin, idonka a kan zafi da kuma allo, in ka ga ɗige-ɗige masu launi ko layuka, ka ajiye ka tafi. Ka saurari fankokin, ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwancewa. Kuma ka kiyayi kati mai arahar da ta wuce hankali. Akwai tsofaffin GTS 450 da ake canza wa suna su fito a matsayin GTX 1050 Ti. Akwai kuma RX 580 mai 2048SP, wanda a zahiri ɗan'uwan RX 570 ne da aka sa wa babbar riga.

Auta:
Gaskiya Yaya wannan ya fi ƙarfina. Sabo zan saya in samu garanti, in na ƙware na gwada na hannu.

Na Zamani:
In sabo ne to a duba maganar giga 8. Sababbin gem sun fara cika ta ko a 1080p in ka ƙure saiti. Intel Arc B580 giga 12 gare shi, ƙarshen 2024 ya fito.

Malam Injiniya:
Kati ne mai kyau, amma yana da sharaɗi. Dole a kunna wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS, wato shafin saitin madabod, in ba haka ba ƙarfinsa zubewa yake, kuma ya fi sakin jiki da firosesa sabo-sabo. Ga wanda bai taɓa shiga BIOS ba, ni dai na fi natsuwa da 6600, ko RX 7600 in kuɗin sun kai. Giga 8 ɗin kuma, ka sauke ingancin zanen jikin abubuwa daga ƙololuwa zuwa na ƙasa da shi, magana ta ƙare. A tsakiyar harbi babu mai tsayawa ƙirga zaren rigar abokin gaba.

Uwar Ɗaki:
Kun yi sa'a uku a cikin kes, babu wanda ya kalli abin da yaron zai zauna a gabansa. Talabijin fa ya ce!

Ƙanena, saurara. Talabijin ɗinka kusan tabbas 60Hz ne, wato sau sittin yake sabunta hoto a daƙiƙa. Ko katinka ya fitar da firem 200 a Counter-Strike, sittin za ka gani. A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7, a 144Hz kuwa 6.9. Ga kuma jinkirin da talabijin ke ƙarawa saboda kwalliyar da yake yi wa hoto kafin ya nuna, sai ka danna maus ka ga hannun ya biyo baya kamar mai jin barci. Don ƙwallo da abin riƙewa a hannu, ka kunna yanayin gem a saitinsa, zai wadatar. Don harbi kuwa, a'a.

Monita inci 24, 1080p, 144Hz ko 165Hz, mai allo irin na IPS, mai FreeSync da ke daidaita monita da katin hoto. Kada ka bari a ruɗe ka da inci 32 mai 1080p, ɗigon hoton baje yake, rubutu har gashi-gashi yake yi. Kada kuma ka kai hannu 4K da wannan katin. Ni ranar da na fara jan maus a 144Hz, taga kawai na riƙa ja a kan allo ina dariya ni kaɗai, ban ma buɗe gem ba.

Auta:
Anti to kuɗin monita fa? Ban sa shi a lissafi ba.

Uwar Ɗaki:
Kuɗin kular ruwa da na fitilu da ka soke, ina suka tafi?

Auta:
Malam Injiniya ya riga ya kai su katin hoto.

Malam Injiniya:
Ranki ya daɗe, sai dai mu raba.

Uwar Ɗaki:
To a raba. Kuma ga inda za ka ƙara samun rara: kada ka sayi tarkacen nan da ake haɗawa a kwali ɗaya, kibod da maus da hedfon da shimfiɗa, duk suna walƙiya. Kyan ɗan maciji ne. A cikin huɗun, maus ne kaɗai ya cancanci ka kashe masa kuɗi yanzu, don shi ne hannunka a cikin gem. Irin su Logitech G203 mai waya, ko G305 marar waya mai batir AA ɗaya, sun isa. Kada lambar DPI, wato ma'aunin saurin maus a kan allo, ta ɗauke maka hankali, da yawan ƙwararrun masu harbi a 400 zuwa 1600 suke wasa. Abin dubawa shi ne ya zauna a tafin hannunka kuma na'urar gane motsinsa ba ta ɓacewa in ka fizge shi da sauri. Shimfiɗa ta yadi mai faɗi, ba mai suna ba. Kibod kuwa duk wanda ke gida ka fara da shi.

Sarkin Fanka:
Anan ne ban bi ki ba Anti. Kibod na roba mai arha wani lokaci in ka danna W da Shift da wani maɓalli tare, ɗaya ba ya shiga. Na sha mutuwa a haka.

Uwar Ɗaki:
To ya gwada nasa, in yana haɗiye maɓalli sai ya canza. In zai sayi mai makanikai, ya ɗauki mai suwic ja ko ruwan ƙasa a ƙarƙashin maɓallai. Shuɗin nan mai ƙara, in akwai mai kwana kusa da kai, sai an yi shari'a.

Ɗan Shuɗi:
Hedfon kuma rubutun 7.1 ɗin nan, mai nuna sauti na zuwa ta ko'ina, yawanci manhaja ce kawai, lasifika biyu ne a ciki kamar kowanne. Ɗan iyafis mai kyau ya fi babban hedfon mai fitila jin takun ƙafa.

Sarkin Fanka:
Tunda an zo fagena: kes mai gilashi a gaba murhu ne. Ka nemi mai raga a gaba, fanka biyu suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Ka duba tsawon katin da kes ɗin ke ɗauka kafin ka biya. Shi ke nan, ba sai ka kashe masa dukiya ba.

Malam Injiniya:
Saura biyu da ba a taɓa ba. RAM: giga 16 daidai ne, amma sanda biyu masu takwas-takwas, ba ɗaya ba. Sanda biyu hanya biyu suke buɗewa, Ryzen kuma yana jin bambancin sosai. DDR4-3200 CL16. In ramuka huɗu ne a madabod, yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake sawa, amma ka duba littafin. Hadis kuma ka manta da shi, ka sayi SSD, ma'ajiya mai sauri marar faifai, irin na NVMe. Tsohon irin, na SATA, yana tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 yana kai wa 3,500, ko da yake wajen buɗe gem tazararsu ba ta kai yadda lambar ta nuna ba. Tazarar da ke tsakaninsu da hadis ita ce sama da ƙasa. Tera ɗaya in ka iya, don giga 500 gem huɗu manya sun cinye ta.

Madabod kuma B550 ya fi kwanciyar hankali. B450 da ya daɗe a kwali wataƙila sai an sabunta BIOS kafin ya gane 5600, kai kuma ba ka da tsohon firosesan da za ka kunna shi da shi, sai dai in yana da maɓallin sabuntawa ta filas a baya.

Auta:
Na rubuta duka. Sai na dawo.

Auta:
Jama'a na dawo, kwana goma sha ɗaya. 5600, B550, RX 6600, RAM sanda biyu, SSD tera ɗaya, akwatin wuta 550W mai garantin shekara biyar, kes mai raga, monita 165Hz, G203. Na haɗa da kaina, hannuna na rawa lokacin sa firosesa saboda fil ɗin nan na ƙasansa. Na danna, fankoki suna juyawa, amma allo baƙi ƙirin. Na cire RAM na mayar sau uku. Don Allah ku taimaka, cikina ya ɗuri ruwa.

Baba Mai Soda:
Wayar monita, a ina ka soka ta? Sama kusa da ramukan USB, ko ƙasa a jikin katin?

Auta:
Sama.

Baba Mai Soda:
Sauko da ita.

Auta:
YA KAWO! Baba Allah ya ƙara girma!

Malam Injiniya:
Madalla. Tunda kana BIOS, kunna XMP, saitin gudun RAM, a wasu madabod DOCP ake rubutawa, in ba haka ba RAM ɗinka a 2133 ko 2400 zai zauna maimakon 3200 da ka biya. Ka tabbatar saitin tsaro na fTPM a kunne yake saboda Windows 11.

Uwar Ɗaki:
In ka gama sa Windows da direban kati, shiga saitin allo ka duba lambar da ke wurin sabunta hoto, ka faɗa mini.

Auta:
Anti 60 na gani.

Uwar Ɗaki:
Na sani. Mayar da shi 165, sannan ka ja taga ɗaya a kan allo ka dawo ka ba ni labari.

Na Zamani:
Ni dai har yanzu da AM5 ya saya.